Katin Bankin Inna Madina

Ranar da Madina ta je banki ɗaukar kuɗin aikin idonta, jika uku da dala arba'in aka tarar a asusunta, wato sefa dubu uku da ɗari biyu.

Yarinyar da ke zaune bayan gilashi ta faɗi adadin da Faransanci, ta sake faɗa da Hausa, sannan ta rubuta a ƴar takarda ta turo ta ƙasan gilashin. Madina ta kai takardar kusa da idonta na dama, wanda shi ne mai ɗan saura. Ba ta ga komai ba sai dishi-dishi. Ta miƙa wa ɗanta Halidu da ya rako ta.

"Jika uku ne, Inna," in ji shi. "Da dala arba'in."

"Na ji. Ina sauran?"

A lissafinta jika ɗari huɗu da sittin ya kamata a samu. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana karɓar haihuwa a likitar Gaya, asibitin garin, kuma tun da ta bar aiki fanshonta ta wannan banki yake biyowa, jika sittin da biyar duk wata. Likitan ido na Yamai ya gaya mata hawan jinin ido gare ta. Na hagu ya riga ya yi nisa, na dama kuwa in an yi aiki kafin azumi ana iya tsayar da shi inda yake. Ya ce ta zo da jika ɗari uku, kuma kada ta yi wasa da maganin ɗigawa. Da sojoji suka karɓi mulki, aka rufe gadar kan iyaka, aka sa wa ƙasa takunkumi, bankuna suka koma ba da kuɗi da awo, abin ma sai ya zo mata daidai. Duk ƙarshen wata Halidu kan karɓi katinta ya je inji, ya dawo da jika ashirin, ya ce iyakar abin da ake bayarwa ke nan. Ita kuwa takan ce ba laifi, sauran yana can yana taruwa.

Halidu ya buga tafin hannu a kan kantar bankin har mai gadi ya leƙo.

"Wannan wane irin banki ne? Tsohuwa ta ajiye kuɗinta wajenku, ku bar ɓarayi su kwashe? Tun da aka rufe iyaka ai ɓarayi cikin waya suka koma, kowa ya sani. Ina shugabanku?"

Yarinyar, Aisata sunanta, ba ta ɗaga murya ba. Ta fitar da takardar shige da ficen asusun, shafi uku, ta karanta. An ciri kuɗi sau talatin da bakwai a injin da ke ƙofar bankin. An biya wani kamfanin cacar ƙwallo ta intanet sau goma sha ɗaya.

"Tanti, saƙo ba ya shigo miki a waya in an taɓa kuɗin?"

"Wane saƙo?"

"Ina rezon waya yake?" in ji Halidu. "Tun da aka yanke mana wutar kuran daga Najeriya wa yake samun saƙo?"

Aisata ta dube shi, ta dubi na'urarta. Ta ce abu na farko a toshe katin. Kuɗin toshewa jika biyar ne, amma tun da asusun bai kai ba, banki zai yi haƙuri ya cire a fanshon wata mai zuwa. Sannan ta jawo takardar ƙorafi ta fara tambayoyi. Katin ya taɓa ɓata? Bai taɓa ba, yana cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa. Ta rubuta kod ɗin, wato lambar sirri, a jikin katin? Ba ta rubuta ba. Ta taɓa faɗa wa wani kod ɗin?

"Ban faɗa wa kowa ba. Sai yaron nan, shi ke danna mini, ni ba na ganin lambobin."

Biron Aisata ya tsaya.

"Ɗa ai ba wani ba ne," in ji Halidu.

Aisata ta rubuta wani abu, ta buga hatimi, ta ce bincike kan ɗauki kwana goma sha biyar zuwa wata biyu.

Labari ya riga su isa unguwa. Kwana uku ana shigowa yi wa Madina jaje, kowa da nasa sanin. Wata ta ce ma'aikatan bankin ne da kansu. Wani malami ya ce akwai kuɗin da ke tashi da ƙafarsa in ba a fitar masa da zakka ba. Wani tsohon direba ya rantse Faransa ce, ta ga an kore ta shi ya sa take bin asusun talakawa ɗaya-ɗaya. Halidu ne ke shimfiɗa wa baƙi tabarma, kuma shi ya fi kowa zafi. Ya ce in bankin bai biya ba har Yamai zai kai maganar.

Kwalbar maganin ta ƙare a mako na biyu. Jika tara ake sayar da ita da, yanzu da kaya ke shigowa ta kwale-kwale ta koma sha huɗu. Madina ta juya kwalbar ta matsa, ta zuba mata ɗan ruwa ta girgiza, ta ɗiga abin da ya samu. Bayan kwana biyar ciwon kai ya fara, irin mai kama rabin fuska. In ta dubi ƙofar ɗaki da rana sai ta ga hasken ya tsuke, kamar mai leƙe ta bakin tulu.

Da yake ba ta iya komai sai zama, sai ta zauna tana sauraren gidanta. Halidu ɗan taransit ne, mai fitar wa mutane da kaya a duwan, wato kwastan, kuma tun ranar da aka gindaya kwantena a kan gada bai sake aiki ba. Amma gidan bai fasa cin shinkafa da kifi ba. Akwai babur a zaure, wanda ya ce wani abokinsa ya ba shi aro yana kai fasinja bakin ruwa. Akwai firiza a ɗakin matarsa Jumma, sabo fil, yana jiran ranar da kuran zai dawo a fara sayar da ƙanƙara. Duk waɗannan abubuwa Madina ta san da su tuntuni. Godiya ta yi wa Allah a lokacin da ya ba ta ɗa mai neman na kansa.

Ranar Laraba ta mako na uku wayarta ta yi ƙara. Aisata ce.

"Tanti, ki zo gobe da safe. In da hali ki zo ke kaɗai."

Ta tafi ita kaɗai, da sanda. Hanyar ba baƙuwarta ba ce, ƙafarta ta san kowane rami daga gida har kasuwa. Aisata ta shigar da ita wani ƙaramin ofis ta rufe ƙofa.

"Ba ki gane ni ba, Tanti. Ke kika karɓi haihuwata. Innata kullum tana faɗi."

"Na karɓi da yawa, ɗiyata. Allah ya yi albarka."

"Injin nan yana da kamara. Duk wanda ya ciri kuɗi sai ta ɗauke shi. An aiko mana da hotunan."

Ta juyo na'urar wajenta. Madina ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ga haske, ta ga wani abu mai duhu a tsakiya.

"Ba na gani. Faɗa mini."

Aisata ta mayar da na'urar gabanta. "Namiji ne. Duk talatin da bakwai ɗin mutum ɗaya ne. Wani lokaci da hula, wani lokaci babu. Dogo ne, yana sunkuyawa in zai danna. Yana da tabo a girar hagu, ya raba girar biyu."

"Ɗinki huɗu ne," in ji Madina.

"Na'am?"

"Ɗinki huɗu. Daga katangar makarantar lakwal ya faɗo, yana shekara shida. Ni na riƙe kansa aka ɗinke."

Aka kira shugaban reshen, wani mai ƙamshin turare da taushin murya. Ya gaishe ta da kyau, ya tambayi jiki, sannan ya yi mata bayani dalla-dalla kamar mai karanta wa yaro allo. In ɓarawon waje ne ya kwaikwayi katin, banki na biya. In an shiga na'urar banki ne, banki na biya. Amma nan katin gaskiya ne, kod ɗin gaskiya ne, kuma ita da bakinta ta ce ta ba da kod. Saboda haka abin da aka cira a inji, banki ba shi da hannu. Na cacar intanet, jika tamanin da bakwai, inshora na iya dubawa, da sharaɗin ta kawo takardar shaidar ta kai ƙara kumsariyar ƴan sanda cikin kwana talatin, da sunan wanda take zargi, tun da yanzu an san shi. Sauran kuma alƙali ne zai tilasta wa mai laifi ya biya.

"Saƙonnin fa?" in ji Aisata. "Lambar da ke kan asusun ba tata ba ce. An canza ta bara da takarda mai sa hannunta."

"To, ai da sa hannunta," in ji shugaban. Ya juya ga Madina. "Hajiya, banki yana tare da ke."

Ta tuna takardar. Halidu ya kawo ta har gida, ya ce sabunta dosiye ne, wato takardun asusu, ya ɗora yatsansa inda za ta sa hannu.

Bayan la'asar ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Halidu ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. Da ta ji ya jingine babur sai ta ce, "Kai, zo nan."

Ya zo ya tsuguna.

"Na je banki. Injin yana da kamara."

Ya ce hotuna yanzu ba abin yarda ba ne, ana haɗa su a na'ura. Ta ce har da tabon? Ya tsinci wani kara yana zane a ƙasa.

"Aro na yi, Inna."

"Wa ka tambaya?"

"Da na tambaya za ki tayar da hankalinki, ga ciwon ido. Ni niyyata kafin ki tashi tafiya na mayar. Wa ya san rufe gadar zai kai haka? An ce sati biyu." Muryarsa ta fara ƙarfi. "Kuma kuɗin nan ai bai fita gidan nan ba. Shinkafar da ake ci, ke ma kina ci. Kuɗin lakwal na jikokinki. Ko so kike a ce gidan Madam Madina an kwana ba a ɗora tukunya ba?"

"Cacar fa? Ita ma na ci?"

"Wannan don in mayar miki ne na shiga. Sau biyu saura ƙwallo ɗaya."

Madina ta juya fuska wajen madafa, inda ta ji motsin turmi ya tsaya. "Jumma, kwallar tana ɗakina. Ni kuma ba na fita. Ta yaya katin ke fita sau talatin da bakwai?"

Jumma ta matso tana goge hannu a zane. "Wallahi Inna, ni ɗaukowa kawai nake yi in kin shiga wanka, in ya dawo in mayar. Ban taɓa danna komai ba, ko kod ɗin ban sani ba. Na ɗauka tsakanin uwa da ɗa ne, mene ne nawa a ciki?"

Washegari da hantsi yayanta Alassan ya iso daga Bengou, ba tare da ta aika masa ba. Manomin shinkafa ne, shi ne babba a dangi tun rasuwar iyayensu. Ya sha ruwa, ya tambayi ido, ya ce Allah ya sawwaƙe. Sannan ya sa aka kira Halidu ya yi masa faɗa sosai, ya kira shi sakarai, ya ce da a zamanin da ne sai ya sa an ɗaure shi a turke. Halidu ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba. Alassan ya ce to, magana ta ƙare.

"Ba ta ƙare ba, Yaya. Likita ya ce kafin azumi. Saura wata ɗaya da kwanaki."

"Madina, ido na Allah ne. Wanda ya rubuta zai gani, zai gani ko ba a tsaga shi ba. Babanmu har ya rasu yana zare ƙaya da kansa, wane likita ya gani?"

"A sayar da babur ɗin da firiza."

"Babur ɗin da yake ciyar da ku? Firiza kuma wa zai saya a garin da babu kuran? Ki yi haƙuri a buɗe gada, ni na tsaya masa, zai biya."

"Banki sun ce in na kai ƙara za a mayar da wani abu."

Alassan ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Ƙara? Ki kai ɗan da kika haifa kumsariya? A wannan lokaci da in an rufe mutum babu mai tambayar ranar fitowarsa? Kina da ɗiya a ɗakin miji a Yamai, kina da jikoki mata da za a nema aure. Wa zai shigo gidan da uwa ta ɗaure ɗanta? Mu ba a yi mana haka ba a dangi."

"Sata fa, an yi mana?"

"Kada ki ƙara kiran abin nan sata. Ɗa ba ya satar kayan uwarsa."

Sai da Alassan zai tafi, yana neman takalmansa, Halidu ya ce, "Kawu, gaya mata jika hamsin ɗin da na ba ka na takin gona ma a ciki suke, kada ta ɗauka ni kaɗai na ci." Alassan ya ce shi bai san daga inda suka fito ba, shi dai ɗansa ya taimake shi, kuma in an yi girbi za a ga abin da Allah zai yi. Ya hau mota ya koma Bengou.

Madina ta yi kwana shida tana juya maganar. Ciwon kan ya kai ga in ta sunkuya sujada sai ta ji kamar idon zai faɗo. A rana ta bakwai ta ɗauki sanda ta tafi kumsariya.

Ɗan sandan da ke karɓar ƙara ya ba ta benci. Ya sa takarda a keken rubutu, saboda babu wutar kunna na'ura, ya fara bugawa da yatsu biyu. Sunanta, sunan uba, shekarar haihuwa, unguwa. Abin da aka ɗauka. Ta faɗa masa duka, har da dala arba'in da aka bari.

"Kina zargin wani?"

"Banki suna da hotonsa."

"Sunansa nake so."

"A gidana yake. Ɗan taransit ne."

Ɗan sandan ya janye hannu daga keken. "Mai tabo a gira? Ai na san shi. Hajiya, ba ɗanki ba ne?"

"Shi ne."

Ya jingina da kujera ya dube ta. "Bari in gaya miki yadda abin yake. In na buga sunan nan, yau a nan zai kwana. Jibi a kai shi gaban mai shari'a, daga nan gidan kaso. Kuɗinki kuwa, wanda ke kaso ba ya biyan bashi. Ƴaƴansa nawa?"

"Huɗu."

"To. Ni aikina in rubuta. Amma sai kin faɗi sunan da bakinki, cikakke, ba na rubuta abin da mai ƙara bai faɗa ba."

Shekara talatin da tara tana kewaye sunan nan. Ko a takardar haihuwarsa ubansa ne ya faɗa. Ta buɗe baki. Ta san yadda sunan yake farawa, ta ji shi a maƙogwaronta. Ta ga fuskar ƙaramar jikarta, wadda ke kawo mata buta kullum da safe, yadda take ganinta da can lokacin da ido ke gani. Ta rufe bakin. Ta ce a ba ta ruwa.

Aka kawo, ta sha, ta lalubi sandarta.

Ɗan sandan ya zare takardar ya yayyaga. "Allah ya saka miki, Hajiya. Kin hutar da kanki, kin hutar da mu. Irin wannan a gida ake gyara shi."

Abu ɗaya ta iya yi, ta yi shi. Ta ce wa Aisata ba ta son sabon kati. Duk wata za ta zo da ƙafarta, ta nuna katin shaidarta, a ƙirga mata a hannu. Watan farko aka cire jika biyar na toshewa, aka ba ta sittin. Ta biya farmasi ta sayi magani, sauran ta ƙulle a lalita ta ɗaura a ƙugu.

Gidan ya ɗauki abin da zafi. Ba wanda ya zage ta. Abinci dai ya koma zuwa a makare, wani lokaci ba miya. Jumma ta ce tun da yanzu kowa da aljihunsa, ita ba ta san yadda za ta raba cefane ba. Halidu na gaishe ta daga bakin ƙofa, a tsaye. Jikokin aka hana su shiga ɗakinta, wai kada wani abu ya ɓata a ce su ne. A unguwa kuma magana ta fara yawo cewa Madam Madina tsufa ya fara taɓa ta: ta kwashe kuɗinta ta manta, ta ɗora wa banki, har ta so ta ɗora wa ɗanta. Ɗiyarta ta kira daga Yamai tana kuka, ta ce don Allah Inna a rufa asiri, dangin mijinta sun fara tambaya.

Aka ɗage takunkumi, kuran ya dawo, firiza ya fara aiki. Gada dai ba a buɗe ba. Azumi ya zo ya wuce. Alassan ya yi girbi ya aiko mata da tiya biyar ta shinkafa da gaisuwa. Halidu ya kawo mata turmin atamfa da salla, ya ajiye a gabanta gaban baƙi, aka yi ta sa masa albarka. Ta shafa ta ji mai kyau ce. Ba ta tambayi launinta ba.

Sai da damina ta yi nisa jika ɗari uku suka cika. Ta roƙi wata maƙwabciya mai zuwa Yamai ta riƙe mata hannu a mota. Likitan ya haska mata fitila a idon dama, ya sa ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Ya tambaye ta yatsu nawa ya ɗaga. Ta ce ba ta san ya ɗaga ba.

Ya kashe fitilar. "Madam, ke ma'aikaciyar lafiya ce, ba zan ɓoye miki ba. Jijiyar ta mutu. Ko na yi aikin, kuɗinki kawai zan ci. Na ce miki kafin azumi. Me ya tsare ki?"

"Matsala aka samu a banki."

"Bankunan nan," in ji likitan. Ya rubuta mata maganin rage ciwo.

Da ta dawo gida aka taru yi mata sannu. Alassan ma ya zo. Aka yi addu'a, aka ce haka Allah ya so, kuma ga shi da ma ko an samu kuɗin da wuri wa ya san ko aikin zai yi. Da baƙi suka ragu Alassan ya gyara zama.

"Tun da ba a yi aikin ba, kuɗin suna nan ke nan?"

"Suna nan."

"Don na ga yaron nan ya samu hanyar shiga harkar kwale-kwale, jari kawai ya rasa. In ya tsaya da ƙafarsa ai ke ce da riba, har na bayan ma ya biya."

"Suna nan a ƙuguna, Yaya. Mai so ya zo ya kwance mini zane ya ɗauka."

Alassan ya ce ciwo ne ke sa ta faɗar haka, a ƙyale ta.

A wannan watan takardar banki ta iso. Jumma ce ta karanta mata. Banki ya kammala bincike, ya rufe dosiye saboda mai asusu ba ta kawo shaidar ƙara ba cikin lokaci. Amma da yake an gano ana cire mata kuɗin saƙon waya alhali saƙon ba ya zuwa wayarta, banki ya mayar mata da jika biyu da rabi, yana kuma gode mata da amincewar da ta yi da shi.

Ƙarshen wata ta sa mai babur ya kai ta. Muryar da ta amsa mata a bayan gilashi ba ta Aisata ba ce, an mayar da ita Dosso. Sabon ma'aikacin ya turo takarda ya ce ta sa hannu. Ta lalubo biro, ta sa hannu a kan katakon kantar, gefen takardar. Ya ce a'a, haka ba zai yiwu ba. Wanda ba ya gani ba ya sa hannu shi kaɗai, doka ce, don kare shi daga macuta. Sai ta zo da wakili, kuma an fi son na jini, babban ɗa in akwai.

"Akwai," in ji Madina.

Yanzu duk ƙarshen wata Halidu ne ke kai ta. Yakan sa farar riga, ya riƙe mata hannu, ya bi da ita ta tsakiyar kasuwa a hankali, yana cewa, "Rami, Inna. Taka nan." A banki shi ke sa hannu. Ma'aikacin kan ƙirga takardun jika biyar-biyar a fili, Madina na jin ƙararsu ɗaya bayan ɗaya har sha uku. Halidu ya karɓa, ya juya, ya damƙa mata. Takan ƙirga da yatsa a cikin mayafi. Wani watan sha biyu, wani watan sha ɗaya.

"Sun ƙara haraji, Inna," yakan ce.

A bakin ƙofa mai gadi kan tashi ya buɗe musu. Ran nan wani tsoho da ke jiran layi ya bi su da kallo, ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, "Ka ga ɗa. A zamanin nan wa zai bar sana'arsa ya jawo uwarsa? Allah ya ba mu irinsa."

Mutanen layin suka ce amin. Halidu ma ya ce amin.

Har yau in an tayar da maganar a unguwa, cewa ake banki ya cinye kuɗin Madam Madina har ta makance. A dosiyen banki an rubuta sakacin mai asusu. A kumsariya babu komai. A duk garin Gaya takarda ɗaya ce ke ɗauke da sunan Halidu game da kuɗin nan, ita ce wadda ta naɗa shi wakilin uwarsa, mai kula da dukiyarta.